Ciwon Marar da Auta Ta Ɓoye

Sau uku ke nan Auta tana tashi daga kan keken ɗinki ta shiga banɗaki, alhali ko ƙarfe takwas na safe ba ta yi ba. Mijinta yana zaune a tsakiyar falo da kofin shayi a gabansa, yana ƙirgawa a ransa. Gyaran firji da fanka ne sana'arsa, amma tun suna saurayi da budurwa take kiransa Injiniya don tsokana, har sunan ya bi shi.

"Wai wata sabuwar kwastoma kika samu a banɗakin nan?" ya ce da ta fito.

"Ruwa na sha da yawa."

"Ga shayinki ya huce. Kwana biyar ke nan ba ki taɓa shi ba. Ko na daina iya haɗawa ne?"

"Da ma yaushe ka iya?" ta ce, ta ƙaƙalo murmushi.

Ya yi dariya, ya rataya jakar kayan aikinsa. A bakin ƙofa ya tsaya ya dube ta kamar zai ƙara magana, sai ya fasa. Tana jin takunsa har ya gama sauka daga benen.

Sai a lokacin ta ɗora tafin hannu a kan mararta.

Ba wani ciwo ne na a zo a gani ba. Ɗan ja ne a mara, kamar ana jan zare a hankali daga gefe zuwa gefe, sai nauyi-nauyi can ƙasanta, wani lokaci kuma ɗan tsunkuli a ciki wanda zai zo ya wuce kafin ta sauke numfashi. Da wata ce, ko a jikinta. Amma Auta tana ɗauke da cikin sati bakwai wanda babu mahalukin da ya san da shi, kuma ta san yadda ɓarin wancan cikin na farko ya fara.

Wata takwas da suka wuce, wata ranar Talata, tana da cikin sati goma. Tana kan keken nan tana sa wa wata riga hannu ta ji mararta ta murɗa. Ta shiga banɗaki, ta ga jini. Kafin la'asar komai ya ƙare. Tun daga ranar akwai wani lungu a banɗakin, kusa da bututun ruwa, da idonta ba ya sauka a kai. Ta wanke shi ya fi sau ɗari, amma kullum sai ta kau da kai.

Abin da ya fi jinin tsaya mata a rai shi ne abin da ta ji a asibiti. Tana kwance a bayan labule, suna tsammanin barci take, ta ji muryar Umma, mahaifiyar Injiniya.

"Na faɗa mata ta bar keken nan. Mace da ciki ta wuni tana taka ƙarfe da ƙafa, ina zai zauna?"

Auta ta kasa kunne tana jiran mijinta ya ce wani abu. Bai ce komai ba. Wannan shirun ta dawo gida da shi, shi take kwana da shi take tashi. Suna wasa, suna dariya, yana kyautata mata kamar da, amma a ƙasan zuciyarta ta riga ta yanke cewa shi ma ya yarda ita ta jawo. Shi ya sa da ta yi gwaji ta ga layi biyu, sai ta naɗe abin gwajin a takarda ta jefa a shara. In wannan ma zai tafi, gara ya tafi ba wanda ya sani, ba wanda zai kalle ta.

Wajen hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Umma ce, tana haki saboda matakala. Auta ta durƙusa ta gaishe ta, ta kawo ruwa. Umma ba ta sha ba, sai bin ta take da ido daga sama har ƙasa.

"Matso nan, 'yar nan. Mu ga tafin hannunki."

Auta ta miƙa. Umma ta duba, ta ɗago ta dubi wuyanta.

"Wata nawa?"

Auta ta buɗe baki za ta musa, sai ciwon ya ɗan tsunkule ta, hannunta ya kai mara ba ta sani ba. Umma ta ga hannun, ta juya ta ga keken a buɗe da yadin yunifom na 'yan makaranta a ƙarƙashin allura.

"Ciwo yake miki, kuma kina kan keken?" Muryarta ta yi sanyi ƙwarai. "Ashe wancan bai ishe ki darasi ba."

Nan take ta buga wa ɗanta waya. Bai fi minti ashirin ba ya shigo, hannunsa duk baƙin mai.

"Matarka ciki ne da ita," Umma ta ce. "Ka sani?"

Ya dubi Auta. Ta ga farin ciki ya taso masa, ta kuma ga ya mutu a fuskarsa tun bai kai baki ba.

"Tun yaushe kika sani?"

"Sati biyu."

"Sati biyu," ya maimaita a hankali. "Muna ɗaki ɗaya."

"Ba lokacin wannan ba ne," in ji Umma. "Ka kira maƙwabcinku ku sauke keken nan a kai gidana. Ita kuma ta hau gado. Ba girki, ba shara, ba sauka ƙasa."

"Umma, yunifom ɗin mutane ne, ranar Litinin za a koma makaranta—"

"Su kai wa wata."

Auta ta dubi mijinta. A karo na biyu ta jira ya ce wani abu. Ya sunkuyar da kai, ya fita kiran maƙwabci.

Kwana huɗu ta yi a kan gado. Umma tana zuwa da safe ta tafi da yamma, ta yi girki, ta yi wanki, ko kofi ba ta bari ta ɗaga. Kowa ya gani zai ce ta yi sa'ar suruka. Amma wadda aka raba da aikin hannunta aka kwantar, ba abin da ya rage mata sai sauraron jikinta. Ciwon bai ƙaru ba, bai kuma ragu ba, sai dai yanzu shi kaɗai ne a ɗakin da ita. Duk motsin da hanjinta ya yi sai ta ce shi ke nan, ya fara. Ta shiga banɗaki tana riƙe da numfashi, ta duba, ba komai, ta dawo ta kwanta, kafin ɗan lokaci ta sake tashi. In barcin rana ya ɗauke ta, sai ta ga kanta a kan keke tana ɗinka wata 'yar mitsitsiyar riga, tana ɗinki yana warwarewa a bayanta.

Injiniya kuwa ya zama baƙo a gidansa. Ya shigo ya ce sannu, ya ajiye mata lemo, ya koma falo ya zauna yana kallon wurin da keken yake a da.

A rana ta biyar yayarta ta zo. Yaya malamar makaranta ce, ita ta riƙe Auta tun rasuwar mahaifiyarsu, kuma ba ta iya ganin abu ta haɗiye. Ta gaida Umma da ladabi, ta shiga ɗaki, ta ga ƙanwarta ta rame, idanu sun faɗa. Ta fito falo.

"Umma, ku yi haƙuri, zan tafi da ita."

"Ki tafi da ita ina? A kan me?"

"Gidana. Yarinyar nan tsoro ne zai kashe ta. Tun wancan karon aka ɗora mata laifi, ta yi wata takwas tana ɗauke da shi. In ana neman abin da ke zubar da ciki, ai damuwar gidan nan ta fi keke."

"Au, mu ne muka zubar ke nan?"

"Ni ban ce ba."

"Kin ce mana. Ni da nake hawa benen nan da ciwon gwiwa kullum don jikana ya zauna?"

Auta tana jin su daga ɗaki. Kowacce tana ƙaunarta, kowacce kuma ta samo wanda za ta ɗora wa. Ta toshe kunne da matashi, hawaye na bin gefen fuskarta. Can ta ji an turo ƙofa an mai da ita an rufe. Injiniya ne. Yaya ta riga ta ciro akwati ta ajiye a bakin gado. Ya daɗe yana kallon akwatin.

"Za ki bi ta?"

Auta ta tashi zaune. "Tambaya ɗaya zan yi maka, ka ba ni amsa tsakaninka da Allah. Ka yarda ni na kashe wancan?"

"Subhanallahi. Wa ya ce—"

"Umma ta ce, a asibiti. Idona biyu. Na jira ka ce a'a, Injiniya. Har yau jira nake."

Ya zauna a ƙasa, ya jingina da gadon, ya ba ta baya.

"Kin tuna ranar Lahadin, kwana biyu kafin abin? Da na ɗauke ki a babur muka je duba abokina?"

"Na tuna."

"Kika ce in rage gudu, hanyar ba kyau. Na yi miki dariya, na ce ke matsoraciya ce. Muka faɗa ramin nan, har kika ce wash." Ya dafe kai. "Tun ranar da jinin ya zo, ramin nan nake gani. Da Umma ta ce keke ne, wallahi wani sanyi na ji, don ba wanda zai waiwayo ni. Na san kina ji ko ba kya ji, zai dawo kunnenki. Na yi shiru na bar miki. Ni ne, Auta. Ba ke ba ce."

Fushi ne ya fara zuwa mata, mai zafi, har kunnuwanta suka ɗau ɗumi. Wata takwas ya bar ta a cikin wuta don ya tsira da mutuncinsa. Ta buɗe baki za ta faɗi maganar da ba ta gyaruwa, sai ta ga kafaɗunsa suna girgiza. Tun da ta san shi ba ta taɓa ganin kukansa ba, ko ranar da abin ya faru. Ashe shi ma yana da nasa lungun da ba ya iya kallo.

"Ka cuce ni," ta ce a hankali.

"Na sani."

"Ban ce na yafe ba tukuna. Amma na gaji da kwanciya ina jira. Kai ka ce babur, Umma ta ce keke, Yaya ta ce damuwa, a cikinku ba wanda ya taɓa karanta aikin likita. Tashi ka kai ni asibiti."

Da suka fito falo, Umma da Yaya suka miƙe a tare. Injiniya ya durƙusa a gaban mahaifiyarsa.

"Umma, ki gafarce ni, yau kam zan sauko da ita. Yaya, ki mai da akwatin. Asibiti za mu, mu biyu."

Ya tare musu tasi.

A sashen masu ciki suka sami wata nas babba, mai tabarau a kan hanci, wadda kowa ke kira Sista. Ta saurari Auta har ta gama ba ta katse ta ba, sannan ta fara tambaya.

"Akwai jini? Ko ɗigo?"

"Babu."

"Ciwon yana tsayawa a gefe ɗaya? Yana hana ki miƙewa? Zazzaɓi, jiri, zafin fitsari, ruwa mai wari?"

"Babu ko ɗaya. Ja ne kawai, da nauyi."

"To. Mahaifa nama ce, 'yata, kuma girma take yi. Jijiyoyin da ke riƙe da ita suna miƙewa, jini ya ƙaru a wajen, dole ki ji ja da nauyi. Mata da yawa suna jin haka, sai dai wadda ta taɓa ɓari kunnenta ya fi na kowa. Amma ba a baki za mu tsaya ba. Za ki ba da fitsari, sannan a yi sikanin, wato hoton ciki."

Ɗakin sikanin ɗin ƙarami ne, da sanyi. Auta ta kwanta ta runtse ido. Wancan karon a irin wannan gadon aka daɗe ana dubawa ba a ce komai ba, sannan aka juya allon aka kau da shi daga gabanta. Yanzu ma shirun ya yi tsawo. Ta laluba ta kama hannun mijinta, hannun ya fi nata sanyi.

"Buɗe ido mana," in ji Sista. "Wa za ki bar wa kallon?"

A tsakiyar allon akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar wake, a cikinsa wani ɗigo yana ƙyaftawa da sauri-sauri.

"Zuciya ce. Kuma yana zaune a inda ya kamata."

Auta ta fashe da kuka. Injiniya ya share fuskarsa da hannun riga, ya yi gyaran murya.

"Sista, don Allah, wancan na farkon. Babur zai iya jawowa? Mun faɗa rami kwana biyu kafin nan."

"Ko keken ɗinki?" Auta ta ce.

Sista ta cire tabarau ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Kai ka ɗau babur, ke kin ɗau keke. Da kun ƙara wata ɗaya a gida da har fanka ta shiga layin masu laifi. Ku saurare ni. Yawancin ɓarin farkon ciki daga asalin haɗuwar ƙwan ne, tun ranar farko bai haɗu daidai ba, jiki ya sallame shi. Aikin yau da kullum ba ya fitar da cikin da ke da lafiya, rami ɗaya ma haka. Kuma mafi yawan waɗanda suka yi ɓari sau ɗaya suna haihuwa lafiya a gaba. Ba zan yi muku alkawari ba, don ba a hannuna yake ba. In kin ga jini, ko ciwon ya yi tsanani, ko ɗaya daga cikin abubuwan da na lissafa, ki taho ko wane lokaci ne. In ba haka ba, ki tashi ki yi harkarki, in kin gaji ki huta. Kwanciyar nan ba ta riƙe komai sai tunani."

Da suka koma, Injiniya ya zauna a gaban Umma da Yaya ya faɗi duk abin da Sista ta ce, bai rage ba, har da maganar babur da shirun da ya yi a asibiti. Yaya ta harare shi har sai da ya sunkuya, sannan ta ɗauki jakarta ta ce Allah ya kyauta. Umma kuwa ta taɓe baki.

"Su dai 'yan asibiti ba sa rasa ta cewa."

Amma washegari da rana sai ga keken an hauro da shi.

Tsoron bai tafi don an ga hoto ba. Yana nan, yana bin ta banɗaki, yana tsayawa a bayanta in tana yanka yadi. Abin da ya canza shi ne yanzu in ya zo tana faɗa. "Injiniya, yau yana ja ta hagu." Shi kuma ya ajiye abin da yake yi ya tambaye ta tambayoyin Sista ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba firji, har sai ta yi dariya. Yafiyar ma haka ta zo, kaɗan-kaɗan, ba ta san ranar da ta cika ba.

Ranar da cikin ya cika sati goma, Auta ta kasa taɓa komai. Da sassafe Umma ta hauro benen, ba wanda ya kira ta. Ta zauna kusa da ita, ta ɗauki wata riga tana sa mata maɓalli.

"Biyu na rasa kafin mijinki," Umma ta ce, idonta a kan allura. "Na farkon aka ce ɗaukar ruwa ne. Na biyun ban ɗauki ko kofi ba, ya tafi. Na fi shekara talatin ina neman abin da na yi." Ta ciji zaren ta tsinke. "Da naki ya faru, sai na ga in akwai abin da za a ɗauke a ɓoye, to wannan karon za mu tsira. Ban yi don in ƙona ki ba, 'yar nan."

Auta ta kwantar da kanta a kafaɗar surukarta. A haka la'asar ta same su, ranar ta wuce ba abin da ya faru.

Bayan wata bakwai ta haifi 'ya mace, mai ƙarar murya, wadda Umma ta ce da ganin bakin ta ɗauko Yaya.

Haƙuri ya yi musu rana, amma ba haƙurin rufe baki ba. Shirun da kowannensu ya ɗauka kariya ce, shi ya kusa raba su. Wani rashin ba laifin kowa ba ne, kuma ma'auratan da suka rasa abu tare, gara su yi kukansa tare da kowa ya shige lungunsa yana zargin kansa.

Yarinyar ta yi wayo yanzu, tana tattara ƙyallaye a ƙarƙashin keke tana yi wa 'yar tsanarta zane. In sabuwar kwastoma ta tambayi Auta 'ya'yanta nawa, sai ta ce ɗaya. In Injiniya yana kusa, sukan haɗa ido na ɗan lokaci kafin ta ci gaba da awo.